Kafin Bolar Potiskum Ta Isa Gonakin Ngojin

Duk ɗan Arewan da ke zaune a Ikko, ko Badun, ko Anaca, ko Fatakwal, ya san yadda manyan motocin Potiskum ke isowa Kurmi. Sukan zo shaƙe da shanu da tumaki da awaki, ko kuwa da buhunan wake da gero da dawa, su sauke, sa'an nan su juya gida ɗauke da kayan kanti iri iri. Kusan dukan kayan nan da ke komawa Arewa a cikin leda suke, ko roba, ko kwali, ko gwangwani. Saniyar da aka kawo Kurmi ana cin namanta, fata da ƙashi da ƙaho kuma kowanne yana da mai saye, babu abin da ke saura. Amma ledar da ta hau mota ta tafi Arewa ba ta da ranar tashi. Tana nan a bakin kasuwa, tana nan a cikin lambatu, tana maƙale a jikin ƙaya, kuma da iskar hunturu ta taso sai ta kwashe ta ta nufi gonakin ƙauye da ita.

Potiskum ba ƙaramin gari ba ne. Ƙidayar jama'a ta 2006 ta nuna mutanen ƙaramar hukumar sun haura dubu 200, kuma tun daga lokacin garin sai ƙara cika yake, musamman da waɗanda tashin hankalin Arewa maso Gabas ya raba da gidajensu suka sami mafaka a cikinsa. Ga kasuwar shanu wadda tana cikin mafiya girma a Afirka ta Yamma, ga kasuwar hatsi, ga hanyoyin Kano da Bauchi da Maiduguri da Gashuwa duk sun haɗu a nan. To, kowane gari mai bunƙasa irin wannan yana da al'ada guda game da shararsa: idan ta ishe shi a ciki, sai ya ɗora ta a tifa ya fita da ita bayan gari. Bayan gari kuwa ba fili ne marar mai shi ba. Gonar wani ce, makiyayar wani ce, rijiyar wani ce. Mutanen ƙauyukan da ke ƙarƙashin wannan ƙaramar hukuma, irin su Ngojin da Alaraba da Mamudo da Danchuwa, su ne za su karɓi abin da birni ya ƙi, in dai ba a sake shawara tun da wuri ba.

Shawarar da ta kamata a sake ita ce wannan: a daina duban shara a matsayin abin da ake nema wa wurin ɓoyewa, a dube ta a matsayin kaya waɗanda kowannensu yake da inda ya kamata ya koma. Kuma mutumin da ya fi kowa sanin inda kowane abu zai koma yana nan cikin 'yan Arewa mazauna Kurmi, watau ɗan bola, wanda ake kora daga unguwa zuwa unguwa.

Masana na zamani suna da suna ga wannan shawara. Suna kiranta tattalin arziki mai zagayowa. Ma'anarsa ba ta da wuya. Hanyar da duniya ta daɗe a kai ita ce a haƙo, a ƙera, a yi amfani, a yar. Sabuwar hanyar kuwa ita ce a rage abin da ake yarwa tun daga farko, abin da ya lalace a gyara shi, abin da ya ƙi gyaruwa a narka shi ko a niƙa shi a yi wani abin da shi, abin da ke ruɓewa kuma a mai da shi ƙasa ya zama abincin shuka. Dalilin da ya sa ƙasashe suka dawo kan wannan magana shi ne yawan sharar ya fara fin ƙarfinsu. Bankin Duniya, cikin wani rahoto na 2018, ya ƙiyasta cewa a 2016 biranen duniya sun tara shara tan biliyan 2 da ɗoriya, kuma in aka ci gaba a haka za ta kai tan biliyan 3.4 nan da 2050, alhali ta ƙasashen Afirka kudu da Sahara ma ninkawa za ta yi wajen sau uku.

Sunan ne sabo, amma aikin tsoho ne a ƙasar Hausa. Shekaru aru-aru manoman da ke kewaye da birnin Kano suna noma gona ɗaya kowace damina ba tare da sun bar ta ta huta ba, kuma ƙasar ba ta mutu ba. Wani Bature masanin labarin ƙasa, Michael Mortimore, wanda ya koyar a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano, ya bi diddigin wannan al'amari tun daga shekarun 1960. Abin da ya tarar kowane tsohon manomi ya riga ya san shi. Da rani jakuna kan shigo birni da itacen girki da amfanin gona, su fita da mangaloli cike da taki, watau toka da kashin dabbobi da sharar tsakar gida. Birni ya ci daga gona, gona kuma ta ci daga birni. Jujin unguwa a zamanin nan dukiya ne, har saye da sayarwa ake yi a kansa, kuma mai gida ba ya yarda wani ya kwashe masa takin garke ba da izini ba.

Ba taki kaɗai ba ne. Maƙeri ya daɗe yana mai da tsohon ƙarfen mota fartanya da garma da gatari. Tsohuwar taya ta zama takalmi, tsohon tib ya zama guga, gwangwanin madara ya zama fitilar aci-bal-bal, kwalbar da aka shanye ta koma wajen mai man gyaɗa. Tukwanen da ake dafa abincin biki a cikinsu, masu zubi ne ke narka tsofaffin kayan alminiyam su zuba su. Kasuwar Panteka ta Kaduna a kan wannan sana'a ta ginu, har sunanta ya bi irin waɗannan kasuwanni zuwa wasu garuruwa. Saboda haka idan aka ce wa Bahaushe, ko Bangizime, ko Bakarkare, ko Babole, ya rungumi tattalin arziki mai zagayowa, gadonsa ake tuna masa. Da tsohuwar zuma ake magani.

To, me ya katse wannan zagaye? Abu biyu ne. Na farko, shigowar kayan da ƙasa ba ta iya cinyewa. A da ana ƙunshe tsire a takarda, a zuba fura a ƙwarya, a naɗe goro a ganye, a tafi kasuwa da kwando. Duk waɗannan in an yar da su damina ɗaya ta ishe su su zama ƙasa. Yanzu kuwa ko barkonon naira nawa aka saya sai an ƙulla shi a leda, kuma tun daga shekarun 1990 da ruwan leda ya bazu, kowane mai ƙishirwa yana barin shaidarsa a ƙasa. Na biyu, kuma shi ne ya fi muni, haɗa kome da kome a wuri guda. Toka da ɓawon doya da kashin awaki taki ne. Leda da gorar roba kaya ne na masana'anta. Amma da zarar an cakuɗa su da fasasshiyar kwalba da tsohon batir da allurar asibiti, to, manomi ba ya so, mai masana'anta ma ba ya so. Dukiya biyu sun haɗu sun zama annoba ɗaya.

Illar wannan a gari irin Potiskum ba ta buƙatar dogon bayani. Mahauta su ne shaida ta farko, domin sau da yawa sukan farke tumbin saniya ko akuya su tarar da dunƙulen leda ya cika shi. Dabbar da ta haɗiyi leda takan daina cin abinci sosai, ta rame, farashinta ya faɗi, wani lokaci ma ta mutu, kuma garin da arzikinsa ya dogara ga dabbobi bai kamata ya yi wasa da wannan ba. Leda ce ke toshe magudanar ruwa, ruwan sama ya rasa hanya ya shiga gidaje, ragowarsa ya kwanta ya zama gidan sauro. Inda bola ta kusanci rijiya, amai da gudawa ba ya nisa. A gona kuwa ledar da ta nutse cikin ƙasa tana hana ruwa ratsawa, tana tare saiwa. In an gaji an cinna wa bolar wuta, hayaƙin robar yana shiga ƙirjin yara da tsofaffi, takin da ke cikinta kuma ya tafi a banza.

Ba za a ce hukumomi ba su taɓa yin komi ba. Dattawa suna tuna zamanin duba-gari, lokacin da ake leƙa randa da masai da bayan gida, a ci mai ƙazanta tara. Ran 29 ga watan Yuli, 1985, a Kano, gwamnatin soja ta ƙaddamar da kashi na biyar na Yaƙi da Rashin Ɗa'a, wanda ya shafi tsabtar muhalli, kuma daga wannan zamani ne sharar Asabar ɗin ƙarshen wata ta kafu a jihohi da yawa. Bayan da aka gano gubar da aka jibge a garin Koko cikin 1988, an kafa hukumar kare muhalli ta Tarayya, cikin 2007 kuma aka kafa NESREA. A 2020 Gwamnatin Tarayya ta amince da manufar ƙasa kan shara da wata kan robobi. Jihar Yobe, wadda aka ƙirƙiro cikin 1991, tana da tata hukumar, watau YOSEPA. Amma mafi yawan ƙarfin da aka sa cikin shekarun nan a kan tambaya ɗaya ya ƙare: yaya za a kwashe? Tambayar da ta fi ta, watau ina abin da aka kwashe zai koma, ita aka bari a baya. Sharar da aka kwashe daga ƙofar wani aka zuba a gonar wani ba a kawar da ita ba, an dai sauya mata mai gida.

Mazauna Ikko sun ga ƙarshen wannan hanya da idonsu. Bolar Olusosun da ke Ojota, wadda aka buɗe cikin 1992, lokacin nan a gefen gari take. Yau gari ya kewaye ta, ta zama tsauni mai faɗin eka wajen 100, a birnin da hukumominsa ke cewa yana fid da shara tan dubu 13 kowace rana. Cikin watan Maris na 2018 ta kama da wuta, hayaƙi ya turnuƙe unguwanni kwana da kwanaki, domin abin da ke ruɓewa a ƙarƙashin tulin shara yana fid da iska mai cin wuta. A wasu ƙasashen abin ya wuce haka. Cikin Maris na 2017 bolar Koshe a Adis Ababa ta zabtare ta binne mutane fiye da 100. Cikin Agusta na 2024 ta Kiteezi a Kampala ta yi haka, mutane fiye da 30 suka rasu. Kowace daga cikinsu da tifa ɗaya ta fara, a wani fili da aka ce babu kowa. Idan gemun ɗan'uwa ya kama da wuta, sai a shafa wa nasa ruwa.

Cikin wannan hali, wane ne ke rage tulin nan kullum ba tare da albashi ba? Shi ne yaron da ke tura kura ko ya rataya buhu, yana bin lungu lungu tun da asuba. Wasu na kiransa baban bola, wasu ɗan jari-bola, wasu ɗan gwangwan. A biranen Kurmi da yawa daga cikin masu wannan aiki 'yan Arewa ne. Sana'ar tana da tsari, ko da yake ba a rubuce yake ba. Mai tsinta yana kai wa mai sikeli, mai sikeli ya ware ƙarfe daban, alminiyam daban, jan ƙarfe daban, roba da kwali daban, ya tara har su cika mota, ya sayar wa babban dila, shi kuma ya kai masana'anta. Rodin da ake gina benaye da shi, wani kaso mai yawa daga irin wannan tsohon ƙarfe ake narka shi a masana'antun da ke wajen Ikorodu da Ogijo a hanyar Shagamu. Narka tsohon alminiyam kuwa yana cin wajen kashi 5 ne kacal daga cikin 100 na wutar da ake buƙata wajen yin sabo daga ma'adini. Ashe ke nan mutumin da ake toshe hanci in ya wuce, shi ke ciyar da masana'anta, shi ke rage wa hukuma kuɗin tifa.

Sakamakon da yake samu kuwa sananne ne. A farkon 2018 Gwamnatin Jihar Legas ta haramta aikin masu tura kurar shara, a daidai lokacin da ta danƙa kwasar sharar gidaje ga wani sabon tsari. Mazauna birnin ba su manta da yadda shara ta yi tsibi-tsibi a kan tituna a wannan shekara ba, har sai da aka koma ga tsofaffin 'yan kwangila. A watan Janairu na 2025 hukumomin Abuja suka hana yawon tsintar bola a cikin birni, suka kuma rufe kasuwannin panteka na ɗan lokaci don a tantance masu su. A Jihar Borno, cikin 2023, gwamnati ta hana shiga daji neman tsohon ƙarfe, saboda rayukan matasan da ke salwanta a hannun 'yan ta'adda. Kowace hukuma tana da hujjarta. Amma abin lura shi ne, an hana mutumin, ba a hana sharar ba, kuma ba a hana yunwar da ta fito da shi daga ƙauyensu ba.

Gaskiya dai ɗaya ce, dole a faɗe ta ko da ta yi ɗaci. Akwai ɓata-gari cikin wannan sana'a. Akwai masu cire murfin magudanar titi, da masu yanke wayar lantarki, da masu kwance ƙarfen gada da na layin dogo, da masu leƙa gidan mutane da sunan neman gwangwani. Akwai masu sikelin da suka san kayan sata sarai amma suka kau da kai saboda araha. Akwai masu ƙona waya a tsakiyar unguwa don su fid da jan ƙarfe, da masu fasa batirin mota da hannu, alhali dalmar da ke cikinsa guba ce; mutanen Zamfara sun san abin da gubar dalma ta yi wa ɗaruruwan yara cikin 2010. Akwai kuma ƙananan yaran da ya kamata a ce suna makaranta, ga su a kan bola ba takalmi. Wake ɗaya shi ke ɓata gari. Ɓarawo ɗaya in an kama shi da murfin titi, mutum ɗari masu neman halal su ke kwana cikin fargaba, domin a baƙon wuri ihun "ɓarawo" ba ya tambayar suna. Sai dai maganin wannan shi ne rajista da shaida da shugabanci, domin sana'ar da aka kora cikin duhu ita ce ɓarawo ke jin daɗin fakewa a cikinta.

Wasu ƙasashe sun gwada wannan hanya, ta kuma yi musu amfani. A birnin Pune na ƙasar Indiya masu tsintar bola sun kafa ƙungiya cikin 1993, sa'an nan cikin 2008 hukumar birnin ta ƙulla yarjejeniya da ƙungiyarsu ta gama-kai mai suna SWaCH. Dubban mambobinta, yawancinsu mata, suna bi gida gida da katin shaida, masu gida na biyansu ɗan kuɗi kowane wata, abin da suka ware kuma nasu ne su sayar. A Barazil gwamnati ta sa tsintar kayan bola cikin jerin sana'o'in da ta sani tun 2002, dokar shara ta 2010 kuma ta umarci birane su yi aiki da ƙungiyoyinsu. A Alƙahira kuwa akasin haka aka gwada. Masu kwasar shara na gargajiya, waɗanda ake kira zabbalin, an ƙiyasta suna mai da wajen kashi 80 daga cikin 100 na abin da suka kwasa zuwa amfani. Cikin 2003 aka ba kamfanonin ƙasashen waje kwangila a madadinsu, abin da kamfanonin ke warewa bai kama ƙafar nasu ba, daga baya sai da aka sake neman su.

Potiskum tana da abin da birane da yawa ba su da shi. Kasuwar shanu da mayanka suna tara kashin dabbobi kowane mako. Kasuwar hatsi da injinan casa suna fid da ƙaiƙayi da ɓawo. Garejojin manyan motoci suna fid da tsohon ƙarfe da taya. Ga motocin da ke zuwa Kano da Kurmi kullum, waɗanda za su iya ɗaukar abin da aka ware. Ga kuma gonaki masu rairayi a Ngojin da maƙwabtanta, waɗanda suke ƙishirwar taki, a lokacin da kuɗin buhun takin zamani ya yi tashin gwauron zabi tun bayan ɓarkewar yaƙin Rasha da Yukiren cikin 2022, aka kuma zo aka janye tallafin mai cikin Mayu na 2023 kuɗin dako ya ƙaru. Mai kaya yana nan, mai buƙata yana nan, tsari ne kawai babu. Kuma nauyin wannan tsari a kan ƙaramar hukuma yake, domin Tsarin Mulki na 1999, a Jadawali na Huɗu, ya sa kawar da shara cikin ayyukanta. Hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke ran 11 ga watan Yuli, 2024, cewa a riƙa ba ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, ya ƙara wa jama'a ƙarfin tambayar shugabanninsu abin da suka yi.

Abu na farko da ya kamata a yi ba ya cin ko kwabo, watau rarrabewa tun daga gida. Kowane gida ya ajiye mazubi biyu, ɗaya na abin da ke ruɓewa da toka, ɗaya na leda da roba da gwangwani da kwali. Batir da kwalba da allura a ware su gefe. Bankin Duniya ya nuna cewa a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi fiye da rabin shara ragowar abinci ce da ganyaye. Ke nan in an raba tun a tsakar gida, rabin abin da tifa ke ɗauka ba shi da dalilin zuwa bola. Wannan aiki a hannun matan gida yake, saboda haka su ya kamata a fara yi wa bayani, ta bakin masu unguwa da limamai da malaman Islamiyya, tun da kowa ya yarda tsabta cikon addini ce.

Na biyu, ƙaramar hukuma da YOSEPA su keɓe fili kusa da kasuwar shanu da ta hatsi, nesa da rijiyoyi, a mai da shi wurin haɗa taki. Aikin ba ya buƙatar injin ƙasar waje. Ana jera ɗanyen abu da busasshe hawa-hawa, kashin dabbobi da ragowar kayan gwari da ƙaiƙayi da toka, a yayyafa ruwa, a riƙa juyawa bayan mako ɗaya ko biyu. Tulin yakan ɗauki zafi da kansa, zafin ya kashe ƙwayoyin cuta da irin ciyawa, cikin wata biyu zuwa uku ya zama baƙin taki mai laushi. A tankaɗe shi, a zuba a buhu, a sayar wa manoma da rahusa kafin saukar damina. Irin wannan taki yana sa ƙasa mai rairayi ta riƙe ruwa, abin da takin zamani ba ya yi. Kada kuma a zuba ko tifa ɗaya a ƙasar wani ƙauye sai an zauna da dagaci da masu gonaki, an gaya musu abin da ke cikinta.

Na uku, a yi wa masu tsinta da masu sikeli rajista, unguwa unguwa, kowa da katinsa da wanda ya tsaya masa. Mai sikeli ya ajiye littafi, ya rubuta wanda ya kawo masa kaya. Wanda aka samu da kayan gwamnati a soke rajistarsa, a miƙa shi ga shari'a. Wanda ya riƙe amana kuwa a ba shi unguwar da zai riƙa bi, da safar hannu, da dogon takalmin roba, da allurar rigakafin ciwon sarƙe-haƙora. Na huɗu, a rage ledar kanta. Ruwanda ta hana ta cikin 2008, Kenya cikin 2017, Jihar Legas kuma ta hana mazubin abinci na farin soso cikin Janairu na 2024. Potiskum za ta iya farawa da kasuwanninta, a dawo da kwando da jakar saƙa, masu sana'ar kaba ma su sami kasuwa. Kamfanonin ruwan leda kuwa a ɗora musu nauyin sayen ledarsu daga hannun masu tsinta, tun da su suka sako ta.

Saura 'yan Arewa mazauna Kurmi, domin su ma akwai nasu rabon a wannan aiki. Wanda ya shekara goma yana sikeli a Agege ko Sabon Badun ya san irin robar da masana'anta ke so da wadda ba ta so, ya san farashi, ya san dilan gaskiya. Wannan ilmi ne, kuma a gida an fi buƙatarsa. Babbar hasarar da ake yi ita ce ɗora roba a mota yadda take, domin gorar roba iska ce rabinta, kuɗin dako ya cinye riba. In aka niƙa ta ko aka matse ta a Potiskum, mota ɗaya za ta ɗauki abin da motoci da yawa ke ɗauka, aikin warewa da wankewa kuma ya zauna a hannun matasan gida. Ƙungiyoyin 'yan gari ɗaya, waɗanda suka saba yin karo-karo don gina masallaci ko kai gawa gida, za su iya yin adashi su sayi injin niƙa roba ko na matse kwali, su naɗa amintattu, su rubuta kome a takarda. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Yaron da ya sami abin yi a garinsu ba zai hau bayan tirelar shanu ya tafi inda bai san kowa ba.

A nan Kurmi kuma, lalle ne sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwanni su tashi tsaye. Su san yaran da ke wannan sana'a a yankunansu, su sa su shiga ƙungiyoyin da hukuma ta sani, su je da kansu su zauna da hukumomin shara irin su LAWMA, maimakon su jira sai an yi kame sa'an nan a fara neman beli. Su hana sayen kayan da ba a san asalinsu ba, su hana ƙona waya a cikin unguwa, su mai da ƙananan yara makaranta. Zangon da ya tsabtace kansa ya toshe bakin mai neman dalilin tashinsa. Shi kuma wanda Allah Ya ba kanti ko ofis, kada ya raina ɗan'uwansa mai kura, domin babu wulaƙantacciyar sana'a sai sata da roƙo.

Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Ikko ta bari har bola ta zama tsauni, yanzu tana kashe maƙudan kuɗi tana neman yadda za ta rabu da ita. Potiskum ba ta kai nan ba tukuna, kuma babu dole sai ta kai. Kowace rana motar shara za ta fita daga gari ta nufi ƙauye, wannan babu makawa. Abin da ya rage ga shugabanni da masu gari da 'yan ci-rani shi ne su zaɓi abin da za ta sauke a ƙasar Ngojin: leda da kwalba da za su kashe gona, ko kuwa buhunan takin da za su fid da geron da za a sake lodawa zuwa Kurmi baɗi. Allah Ya ba shugabanni ikon zaɓen abin da ya fi alheri, Ya kuma sa wa kowane mai neman halal albarka a cikin sana'arsa.